Kwalbar Mushe Yahuza

Asibi ce ta fara ganinsa. Ta dawo daga rijiya da hantsi, tulu a ka, ta leƙa zaure don ta gaya wa mijinta igiyar guga ta tsinke, sai ta tarar da shi Maigari Audi kife a kan buzunsa, hannu ɗaya a maƙogwaro. Ƙoƙon jiƙonsa ya tuntsure a gefe. Kajin da suka sha abin da ya zube suna kwance, ƙafafu sama. Kusa da tukunyar jiƙon kuwa ga wani faffaɗan murfin kwalba, wanda duk Tudun Anza babu wanda bai san mai shi ba.

Kafin rana ta take tsaka an ɗaure mai murfin a gindin aduwa, an tura mahayi Tanout.

Wannan a daminar 1965 ne, gero ya fara fitar da kai. Ajidan Barmo, shugaban jandarmomin Tanout, ya iso da la'asar a motar aiki, shi da jandarma guda mai suna Mato da kuma lokotoro, wato likita. Barmo tsohon sojan Faransa ne, ya yi yaƙi a ƙasashen da mutanen Damargu ba su taɓa jin sunansu ba, ya dawo gida babu wanda yake gani da gashi a ka. Ƙauyawa a wurinsa maƙaryata ne, 'yan lakwal kuwa, wato 'yan boko, ragwaye masu takalmi. Ya sauko daga mota ya dubi taron da ke zagaye da aduwa, kowa da sanda, ya tofar da yawu, ya wuce zaure bai amsa gaisuwar kowa ba.

Lokotoro ya duƙa ya buɗe bakin mamacin, ya sunsuni tukunyar, ya ja da baya. Ya ce guba ce, mai warin ɗanyen rogo mai ɗaci, kuma irin wadda ba ta ba mutum damar kiran kowa. A gindin tukunyar akwai wani farin gari da ya kwanta. Barmo ya ɗauki murfin, ya juya shi, ya dubi inda aka tsince shi. An ajiye shi ne a fili, daidai inda mai shigowa zai fara sa ido. Ya ba da izini a yi wa Maigari sutura, ya ce a kwanto masa ɗaurarren.

Sunansa Yahuza, malamin gona ne da aka turo daga Damagaram ya duba tsutsar da ke cin gero. Mutanen gari suna kiransa Mushe, wato malam da Faransanci, kamar yadda ake kiran duk wanda ya yi lakwal, Barmo kuwa in zai faɗi kalmar sai ya ja ta har ta koma ɗaya ma'anar, ta mushen dabba. Barmo ya san labarinsa tun a Tanout. Ƙato da gemu, yana cin albashin gwamnati, amma tun saukar ruwan farko ba shi da aiki sai bin malam-buɗe-littafi da raga a bakin tabki, yana tsugunne a rana yana rubuta wanda ya gani da tsiron da ya sauka a kai. Wanda bai taɓa gani ba sai ya kama shi, ya jefa a wata kwalba ya mutu, ya kafe shi da allura a akwati. Maigari Audi ne ya ba shi ɗaki a jikin zaurensa.

An shigo da shi leɓe a fashe, tabarau a karye. Barmo bai ce ya zauna ba.

"Murfin nan naka ne?"

"Nawa ne, Ajidan."

"Me ke cikin kwalbar?"

"Guba ce aka daskarar a gindinta da farar ƙasa. Tururinta ke kashe su ba tare da fuka-fukansu sun lalace ba."

"In aka fasa, aka daka farar ƙasar fa?"

Yahuza ya sunkuyar da kai ya ce za ta kashe raƙumi.

Ya ce kwalbar a kan akwatinsa ta kwana. Da asuba ya fita tabki bai ɗauke ta ba, domin akwai abu a ciki. Da Barmo ya tambayi ko mene ne, sai mutumin nan, da jini a leɓe, ya fara bayani. Duk daminar nan, in ji shi, farare masu baƙin gefe yake gani a kan anza, da masu ruwan ɗorawa a kan tafasa, da jajayen da ke bin tumfafiya. Jiya kuwa bayan la'asar, rana ta yi sanyi, sai ga wani malam-buɗe-littafi shuɗi ya sauka a kan laka, irin wanda bai zaci yana hawowa arewa har Damargu ba. Tsuntsu ya taɓa cizon fiffikensa na hagu ya bar giɓi, amma duk da haka babu kamarsa. Wasu mata masu wanki ma sun ga lokacin da ya kama shi, sun yi masa dariya. Ya ƙarasa da tambayar ko an ga inda aka jefar da shi.

Barmo ya dube shi daga sama har ƙasa. Mai masaukinka yana can ana yi masa wanka, kai kana cigiyar ƙwaro. Ya so ya ƙara masa mari a kan wanda aka riga aka yi masa, amma ya daure ya tambayi wa ya san abin da ke cikin kwalbar. Yahuza ya ce kowa ya san ta, amma yawanci sun ɗauka asiri ne. Maigari kaɗai ya zaunar da shi ya yi masa bayani, ya gargaɗe shi kada yara su taɓa. Ya ce a ranar akwai mutane a zaure, bai riƙe fuskokinsu ba.

Mato ya je tabki ya dawo da shaidar makiyaya. Sun ga Mushe tun ketowar alfijir a tsugunne wuri guda kamar mai ciwon ciki, bai motsa ba sai da aka zo da sanduna aka tafi da shi. Matan wankin jiya su ma sun tabbatar da zancen shuɗin. Barmo bai yi mamaki ba. Mai kisa ba ya barin sunansa a gefen gawa, kuma wannan sakaran ba zai fasa kwalbar da sai an aika Yamai kafin a samo wata ba, alhali damina ba ta ƙare ba. Ya sa Mato ya tsare shi a mota, don kada jaruman gindin aduwa su ƙarasa shi.

Asibi ta biyo baya. Tsohuwa ce busasshiya, idanunta sun kumbura amma maganarta tsaye take. Ita ke jiƙa wa Maigari sassaƙen marke da kanwa saboda ciwon baya, yana sha kullum da hantsi in ya dawo daga zagayen gona. Barmo ya ce mata kai tsaye, mai jiƙa magani ita ce ta fi kowa damar zuba abu a ciki.

"Haka ne," in ji ta. "Amma da safen nan na ɗebi ƙoƙo guda na sha saboda gwiwata, a gaban Lantana maƙwabciyata, ita ma ta kurɓa. Daga nan muka tafi rijiya tare. Ga ni, ga ta."

Aka kira Lantana ta faɗi haka. Ke nan an zuba gubar ne bayan fitowar rana, lokacin da maza ke gona, mata ke rijiya, gari ya zama na awaki da tsofaffin da ba sa gani. Wanda ya yi kuma ya san lokacin shan jiƙon, ya san kusurwar da tukunyar take.

Mutanen gari, da suka ga kamar Mushe zai kuɓuce musu, sai suka tuno da wani Bafillace da Maigari ya ci tara bara kan ɓarnar gona. Barmo ya bar su suka gama rantse-rantse, sannan ya tambayi ina mutumin yake. Can wani ya ce ai tun farkon damina ya yi arewa da shanunsa wajen lasar gishiri. Barmo ya ce to lalle hannunsa dogo ne.

Saura ƙanen mamacin, Dodo. Barmo ya lura da shi tun a wurin jana'iza. Mutum ne mai jiki, ya sha babbar riga sabuwa mai aiki har ciki, ya naɗa rawani da ya fi na limami, yana tsaye a gaba yana nuna wa masu haƙa inda za su sa fatanya. Bayan an dawo shi ya zauna a kan buzun yayansa yana karɓar gaisuwa, yana goge idon da babu hawaye a ciki. Da gari ya waye Barmo ya kira shi gefe.

Dodo ya zo da fara'ar manya, yana ranka ya daɗe, yana cewa an yanka wa baƙi rago. Ya ce shi ba ya gari abin ya faru. Tun shekaranjiya da azahar ya ɗaura wa dokinsa sirdi ya tafi cin kasuwar Ollelewa, kowa ya ga fitarsa, a can ya kwana, a can labari ya same shi. Da aka tambayi gidan wa ya sauka, ya ce a rumfar kasuwa ya kwanta, bai so ya takura wa kowa. Game da Mushe kuwa, ya ce shi tun farko ya gaya wa Yaya kada ya sauki mahaukaci a gida. Bai taɓa shiga ɗakinsa ba, bai taɓa riƙe kwalbar nan ba, ko kallo ba ta ishe shi ba.

"Wa zai gaji Maigari?" in ji Barmo.

"Wannan sai abin da Allah ya yi, ranka ya daɗe, da abin da masu gida suka zaɓa. Amma dai ni ne babba a gidan yanzu."

Barmo ya sallame shi, ya koma wurin Asibi ya yi mata tambayar nan. Ta ce Maigari ya gaji da sarautar, ya riga ya gaya wa 'yan'uwa cewa bayan girbi zai kai ɗansa Yahaya, wanda ke aikin soja a Agadas, gaban hukuma a Tanout, ya sauka ya bar masa. Ta ce ranar da ya faɗi haka Dodo bai ci tuwo a gidan ba.

Dalili ya samu, amma dalili ba ya ɗaure mutum a gaban alƙalin Damagaram. Barmo ya sanar cewa za a bincike kowane gida a nemi fasassun kwalba. Ya fara daga ƙarshen gari da gangan, yana zazzage randuna, yana leƙa rumbuna, matan gida suna tsine masa a ciki. Sai da rana ta ɗaga ya iso gidan Dodo, maigidan yana can zaure cikin masu gaisuwa.

Matar Dodo, Tabawa, ta tarbe shi da ruwa a sabuwar ƙwarya. Mace ce mai sanyin hali, mai tsabta, ɗakinta a share, jeren kwanoni da faya-fayai sun hau bango har rufi. Barmo ya duba ƙarƙashin gado, ya duba bayan randa, bai ga komai ba. Ya juya zai fita ke nan idonsa ya faɗa kan wani faifai da ke tsakiyar jeren. An soke wani abu a jikinsa da ƙayar aduwa. Malam-buɗe-littafi ne, shuɗi kamar an tsoma shi a baba, fiffikensa na hagu da giɓi.

Ya tambaye ta a hankali, irin muryar da bai saba amfani da ita ba, inda ta samo wannan kyakkyawan abu. Tabawa ta yi murmushi, ta ji daɗi an yaba mata ɗaki. Ta ce jiya da maigida ya dawo daga Ollelewa ya tuɓe rigar tafiya ya sa sabuwa, ita kuma ta ɗauki wadda ya tuɓe za ta wanke, ta zazzage aljihu sai ga shi ya faɗo. Ta ce ba ta taɓa ganin mai wannan launi ba, ta ji ba za ta iya jefarwa ba. Har ta nuna masa ɗan yatsanta, ta ce wani abu mai kaifi ya yanke ta a aljihun.

Rasuwa ta hana ta wankin, rigar na nan a ƙunshe. Barmo ya juya aljihun a tafin hannunsa. Farin gari ya zubo, da 'yan ɓarɓashin kwalba masu ƙyalli. Ya ce mata ta wanke hannunta da toka sosai, kada ta kai shi baki. A nan murmushinta ya ɗauke. Ta dubi rigar, ta dubi faifan, ta zauna a bakin gado.

Ya sa Mato ya kawo Yahuza zaure, ya ajiye faifan a tsakiyar tabarma a gaban dattawa. Yahuza ya gyara karyayyen tabarau ya duƙa, ya ce shi ne, ga giɓin. Barmo ya juya ga Dodo, wanda ke kan buzu da carbi a hannu.

"Ka ce da azahar ka bar gari shekaranjiya."

"Kowa ya gani, ranka ya daɗe."

"Kowa ya gani. Wannan ƙwaron kuwa bayan la'asar aka kama shi, mata sun gani. A kwalba ya kwana, a ɗakin da ka ce ba ka taɓa shiga ba. To gaya wa dattawan nan yadda matacce ya buɗe murfi, ya tashi, ya bi ka Ollelewa ya shiga aljihunka."

Dodo ya ce irinsu sun cika daji. Yahuza ya buɗe baki zai yi gardama, Barmo ya ɗaga masa hannu ya yi shiru. Barmo ya shimfiɗa rigar, ya sake juye aljihun a kan faifai, ya ce in daji ne ya ba shi wannan farin garin ma, to ya lasa kowa ya gani. Dodo ya dubi garin. Carbin ya tsaya a hannunsa.

Barmo ya bayyana musu sauran, yana magana kamar mai karanta rahoto. Dodo yana zaure ranar da Mushe ya yi wa Maigari bayanin kwalbar. Ya fita da azahar a idon jama'a, bai je ko'ina ba, ya laɓe a bukkar gonarsa ya kwana. Da gari ya watse ya shigo ta bayan rumbuna, ya ɗauki kwalbar, ya fasa, ya daka gindinta ya zuba a jiƙo. Ya ajiye murfin inda za a gani, domin ya san a garin nan babu wanda zai tsaya wa mai bin ƙwari. Fasassun ya kwashe ya cusa a aljihu ya watsar a hanya, da sauri, bai lura da abin da ya maƙale a ciki ba. Sannan ya sukwani doki zuwa Ollelewa don a gan shi a kasuwa.

"Abu guda ka lissafa daidai," in ji Barmo, ya waiwaya ya dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya. "Ka san mutanenka. Da na makara kaɗan da sun kashe maka shi, sun naɗa maka rawani, sun ci ragonka."

Babu wanda ya ɗaga kai. Dodo ya fara cewa shekara da shekaru yana bin Yaya kamar bara, shi ke karɓar baƙi, shi ke zuwa Tanout, a ƙarshe a ɗauko yaron da aka haifa a gabansa a ɗora masa. Barmo ya ce ya adana wannan wa alƙali, shi bai zo jin kuka ba. Da Mato ya fito da ankwa, Dodo ya roƙi kada a ɗaure shi a gaban talakawa, shi ɗan gidan sarauta ne. Barmo ya sa aka warware rawanin nasa aka ɗaure shi da shi.

Yahuza ya biyo Barmo har mota, yana tambaya ko za a mayar masa da shuɗin bayan shari'a, ko aƙalla a sa shi a akwati kada ya karye. Barmo ya ce shaida ce, ta zama ta hukuma. Ya ƙara da cewa ya shiga mota a kai shi Tanout, tunda garin da ya ɗaure shi jiya ba wurin kwana ba ne. Yahuza ya girgiza kai. Ya ce Maigari ne kaɗai bai taɓa yi masa dariya ba, in ya dawo daga gona ma yakan ce, Malam, yau na ga wani ja a kan tumfafiya, je ka duba. Ya ce zai zauna a yi sadakar bakwai da shi, ya ƙarasa damina. Yana faɗin haka ya cire tabarau ya juya baya, kafaɗunsa na girgiza. Barmo ya kau da kai, ya ce wa Mato ya tayar da mota.

Kafin su motsa sai ga Tabawa ta fito da ƙunshi, riga wankakkiya da ƙullin fura, ta miƙa wa mijinta ta bayan mota. Dodo ya dube ta, ya ture ƙunshin da ƙafa ya faɗi a laka.

"Ke kika kashe ni da kwalliyarki," in ji shi. "Na sake ki."

Tabawa ta duƙa ta ɗauki ƙunshin tana kakkaɓewa. Barmo ya leƙo ta taga ya dubi mutumin da ke ɗaure, ya daɗe yana dubansa.

"Baiwar Allah, koma gida," in ji shi. "Tunda kika aure shi, yau ne ya fara yi miki alheri."

Asibi ta fito daga zaure ta kama hannunta, ta shige da ita cikin gidan mamacin, motar kuma ta kama hanyar Tanout.